Ɗakin da Malam ya bar muryarsa

'Yata ta fari ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Ban yi boko ba, ban san yadda ake riƙe biro ba, kuma tun rasuwar mahaifinta idona bai bushe ba, ko da na iya ma takardar jiƙewa za ta yi. Na ce mata duk inda kuka ya tsayar da ni ta jira ni, kada ta cike wurin da nata kalmomin.

Maigidana malamin lekol ne, wato makarantar boko, a nan Garwa. Kakanninsa fatake ne daga Kano, 'yan'uwansa duk suna kasuwa har yau, shi kaɗai ya kama alli. Faransanci ya koyar a wata makarantar unguwa da ake haɗa boko da Arabiyya, har gemunsa ya yi fari fat, kuma a nan 'yar tamu take koyarwa ita ma. Mutum ne mai kirki, amma Allah bai hore masa zaɓe ba. In ya tafi sayen ragon layya, sai ya wuni a can, la'asar sakaliya ka gan shi tafe da masu raguna uku a bayansa, kowa riƙe da igiyar nasa. Su tsaya a ƙofar gida, ni in leƙo in nuna ɗaya. Haka yadi, haka hula, haka kifin da ake kawowa daga Binuwai. In aka tambaye shi wani abu a lekol sai ya ce, "Bari in kai wa kwamiti." Kwamitin nan ni ce. Da sunan yake kirana a gida, har yara suka tashi suna zaton sunan yanka ne.

To, wannan mutum shi aka ɗora wa zaɓen bulog.

Wata rana ya dawo da kwamfutar makaranta a jakarsa, irin mai buɗewa kamar faifai biyu, ya zauna a gindin darbejiya ya ce, "Kwamiti, an kawo ƙara."

Na ce, "Rago ne ko yadi?"

Ya ce, "Gida ne."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Direkta yana so 'yan aji su riƙa yin rubutu suna ajiyewa a intanet, malami ya duba, 'yan'uwansu su karanta, iyaye ma su gani. Wurin ajiyar shi ne bulog, kuma akwai gidaje uku da za a iya kamawa. Na farko kyauta ne, ƙofarsa a buɗe, yana karɓar rubutu da hoto har da murya, sai dai masu talla suna rataye hajarsu a bangonsa yadda suka ga dama. Na biyu don makarantu aka gina shi, yana da makulli, ba mai shiga sai yara da iyayensu, ba talla, amma ba ya karɓar murya. Na uku kuwa fili ne kawai za a ba ka, kai za ka yi ginin, kai za ka yi yaɓe duk damina.

Na ce, "Kawo su ƙofar gida in gani."

Ya ce ai suna cikin kwamfutar. Na duba, ban ga komai ba sai fari da layuka. Na ce to ni ba na zaɓen abin da ban ɗaga wutsiyarsa ba, ya je ya shiga kowanne ya kwana biyu tukuna. Laifina ke nan a wurinsa, har ya yi fushin rabin yini. Amma ya bi maganata. Ya buɗe ɗaki a kowane gida da sunan makaranta, ya sa hotonsa na babbar riga, ya rubuta 'yar gaisuwa. A na farkon, da yake yana ɗaukar murya, ya gwada magana. Ina madafi ina jin sa yana ta surutu shi kaɗai, ban san ɗauka ake yi ba.

Bai kai ga kawo mini rahoto ba. Zazzaɓi ya kama shi ranar wata Talata, aka kai shi asibiti, kafin Juma'a an yi masa sutura. Dakata, kada ki rubuta komai.

To, ci gaba.

Na shiga takaba. Yayarsa, wadda yara suke kira Goggo, ta zo daga garin Gidar da ƙullin kayanta ta tare a ɗakina don ta tsare ni. Ba kwalli, ba turare, ba leƙa ƙofa, ba ɗaga murya. In na yi tari da ƙarfi sai ta harare ni. Mata suna ta shigowa gaisuwa, Hausawa suna cewa Allah ya jiƙan rai, maƙwabtanmu Fulani suna cewa Allah hokku munyal, wato Allah ya ba da haƙuri, ni dai ina amin.

Bayan sadakar bakwai 'yata ta zo da kwamfutar, ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, akwai abin da na gani, amma ki riƙe zuciyarki." Ta danna. Sai ga Malam, kamar yana gindin darbejiya.

"Gwaji, gwaji. Ana ji na? To. Ana ji na?"

Sai muryata daga nesa, da ƙarar murfin tukunya: "Malam, tuwon nan zai huce fa!"

Shi kuma ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci ya ce, "Kun ji kwamiti ta zauna. Ina zuwa, ina zuwa."

Shi ke nan. Duk abin da ya rage na muryar mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya ke nan. Bai taɓa yarda da aika murya a waya ba, ya ce malamin harshe da rubutu aka san shi. Na yi kuka har Goggo ta manta da harara ta taya ni. Daga ranar kullum bayan la'asar, lokacin da ya saba dawowa, sai a buɗe mini. In ya ce ana ji na, in ce, "Ina ji, Malam."

'Yata ta ce za ta iya kara wayarta ta kwafe muryar, don gidan kyautar ba ya bari a fitar da ita kai tsaye. Na ƙi. Na ce inda ya ajiye kansa nan zan riƙa samunsa, ba na son na aro.

Goggo ce ta fara ta da rigima. Ta ce ta ji 'yata tana cewa "bari mu shiga shafin Baba", to mai takaba ba ta shiga gidan kowa. Na ce ƙafata tana kan tabarma. Ta ce ƙafa daban, shiga daban, ai an ce gida ne, kuma gidan ƙofarsa a buɗe, maza suna ciki. Dole aka aika wa Limamin unguwa. Bawan Allah ya zo zaure, aka kai masa kwamfutar, ya saurara, ya yi wa Malam addu'a. Sannan ya tambayi 'yata, "Ita take zuwa wurin abin, ko abin ne yake zuwa wurinta?" Ta ce gaskiya rezo ne, wato sabis ɗin intanet, yake kawo shi, in ya ga dama. Ya ce to baƙo ne, kuma mai takaba tana karɓar baƙi. Goggo ta ɗaga murya daga ciki ta ce to mazan da ke ciki fa? Ya ce, "Hajiya, namiji ɗaya na ji, kuma mijinta ne." Ta haƙura, amma daga ranar in za a buɗe kwamfutar sai ta sa na yafa mayafi har goshi.

Ana nan sai wani cikin iyayen yara ya yaɗa shafin a wayoyin unguwa, da kyakkyawar niyya, don mutane su ji Malam su yi masa addu'a. Ba a jima ba na ga masu gaisuwa sun canja. Wadda ta riga ta zo sai ta sake dawowa, ta zauna tana murza gefen zane. Wata mata mai sayar da shinkafar Yagwa ta jira har Goggo ta tafi alwala, ta matso kunnena ta ce, "Inna, maigidana ne ya ce in tambaya, cikin sirri, ko Malam ya bar saura."

Na ce, "Sauran me?"

Ta ce, "Maganin."

Wata ta zo neman na rage tumbi. Wata man shafawa mai sa haske. Wani tsoho ya aiko a tambaya ko batirin babur ɗin nan har yanzu yana nan, kuma ko magada za su yi ragi. Ashe a gefen hoton Malam na babbar riga masu talla sun baje kolinsu, mutanen unguwa kuwa 'yan kasuwa ne, sun san ba mai yarda a rataye haja a rumfarsa sai yana da hannu a ciki. Aka yi ta cewa dama jinin fatake ba ya ɓuya, Malam ya yi shekaru yana ɓoye sana'a a bayan alli. Har ƙanensa ya zo yana ɓacin rai, wai ɗan'uwansa yana da harka irin wannan bai taɓa sa shi ciki ba.

Maganar ta kai kunnen direkta. Ya aiko cewa za su zo, shi da Alhaji shugaban iyayen yara, wani babban mai sayar da atamfa. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka saki labule, ni da Goggo muna ciki, 'yata tana tsakani da kwamfutar.

Bayan gaisuwa direkta ya ce, "Inna, malamai sun rabu biyu. Rabi suna son gidan farko saboda yara za su iya ɗaukar karatunsu da murya, rabi suna son mai makulli. Na ukun ba mai so, ba mu da magini. Ƙuri'ar Malam ce za ta raba, kuma duk mun san inda ƙuri'ar Malam take kwana."

Na ce, "Mesiye, ni ban san baƙi ba."

Ya ce, "Ragunan da muka ci a gidan nan ma ba da karatu aka zaɓe su ba." Sannan ya sassauta murya ya ce abu ɗaya ne dole in sani. Duk ɗakin da ba a zaɓa ba rufe shi za a yi, da duk abin da ke ciki, don da sunan makaranta aka buɗe, ba za a bar sunan yana yawo ba mai tsaro.

Na ji kamar an sake shigowa da makara.

Alhaji bai jira ba. Ya ce shi ba ya ganin akwai wata shawara. Ya ce, "Ni da idona na buɗe, a gefen hoton marigayi, da manyan baƙaƙe, maganin ƙarfin maza! Safe da yamma, duk lokacin da na duba, shi ne. Wannan wurin za a kai 'ya'yanmu?"

Direkta ya ce, "Ikon Allah. Ni kuwa maganin sanƙo nake gani."

Goggo, da ba a tambaye ta ba, ta ce a wayarta man shafawa ne, kuma ita ma abin ya dame ta.

'Yata ta ce in tsallake abin da ya biyo baya, na ce ta rubuta, ai ita ta faɗa. Yarinyar nan, da zuciya ɗaya, kamar tana gaban allo, ta ce, "Ai ba abu ɗaya kowa yake gani ba. Tallan yana bin mai wayar ne. Abin da mutum ya saba nema, shi ake kawo masa."

Zauren ya yi tsit, har ina jin akuyar maƙwabta tana tuƙa. Direkta, in ji 'yata, ya kai hannu ya gyara hularsa. Can Alhaji ya yi gyaran murya ya ce wayar tasa yaran shago suna yawan ɗauka. Direkta ya ce ƙwarai, yaran shago ba su da kirki. Goggo ta ce ita jikarta ce. Ba wanda ya ƙara bi ta kan maganar, aka koma zancen zafin bana da yadda kogi ya ja baya.

Ni kuwa wani abu ne ya tsaya mini. Na ce wa 'yata a hankali, "Wannan kwamfutar wa ya saba riƙe ta?"

Ta ce, "Baba."

Na ce, "To me take nunawa?"

Duk kwanakin nan ban taɓa tambaya ba, kunne nake kawowa ba ido ba. Ta duba. Ta sake dubawa. Sannan ta ce, "Maganin ciwon gwiwa ne, Inna. Da abin ɗaure gwiwa. Da wata kujera ta masu salla a zaune, kala uku."

Malam gwiwarsa lafiya lau, a ƙafa yake zuwa lekol har makon da ya kwanta. Ni ce nake rarrafe in na tashi daga sujada. Bai taɓa ce mini komai ba. Yana can yana dubawa, kala uku, ya rasa wadda zai ɗauka, kuma ba dama ya kawo wa kwamiti tunda kwamitin za a yi wa.

Na fasa kuka a gaban baƙi, Goggo tana toshe mini baki da mayafi. Da na samu numfashi direkta ya ce, "Inna, me za mu ce wa malamai?"

Ni da ban taɓa ɗaukar fiye da kallo ɗaya a kan rago ba, na buɗe baki na ji na ce, "Ku bari in kai wa kwamiti."

Ba wanda ya yi dariya. Suka yi sallama suka tafi.

Na yi kwanaki ina juya abin. Da safe in ce mai makulli, kafin azahar in ce na farko. Ban san haka rashin zaɓe yake da nauyi ba, kamar mutum ya ɗauki tulu biyu ba gammo. Na tuna duk tsiyar da na yi wa bawan Allah nan a kan raguna. Na tambayi 'yata ko ba za a roƙi masu tallan su kwashe kayansu ba, tunda gidan makoki ne. Ta ce ba su san an yi rasuwa ba. Na ce a aika musu. Ta ce ba mutane ba ne da za a samu a rumfa. Na ce to wa yake karɓar kuɗin in an sayi maganin? Ta ce, "Inna, don Allah."

Abin da ya raba gardamar ba wani babban abu ba ne. Matar nan mai shinkafa ta sake dawowa, wannan karon ba don magani ba. 'Yarta tana ajin Malam. Ta ce yarinyar ta rubuta wani abu a kansa da Faransanci, yadda yake cire takalmi in zai hau benci ya goge saman allo, tana ta tambaya yaushe za a buɗe bulog ɗin ta sa. Bayan ta tafi na zauna ina ganin abin a raina: rubutun yarinya a tsakiya, uban yarinya ya buɗe don ya karanta, ga abin da yaran shago suka nema a gefe. Kuma duk unguwa yanzu an san yadda tallan yake aiki, ba mai iya buɗe shafin a gaban wani. Mutane sun koma sauraron Malam a ɓoye, suna kare waya da hannun riga.

Na aika wa direkta na ce mai makulli. Ya aiko da godiya, ya ce ranar Litinin za a rufe sauran, a mayar da kwamfutar.

Ranar Lahadi bayan la'asar na ce wa 'yata ta kawo wayar tata, na yarda da na aron. Aka kore kaji, aka rufe ƙofa. Ɗaukar farko, Malam yana cewa gwaji sai mai babur ya tsaya a ƙofar gida yana ta oda. Ta biyu Goggo ta yi atishawa, ta kuma bi ta da hamdala mai tsawo. Ta uku rezo ya ɗauke a tsakiyar dariyarsa, muka zauna muna kallon wani abu yana juyawa kamar dutsen niƙa. 'Yata ta ce, "Wannan karon kowa ya kama bakinsa. Inna, har ke." Na ce to.

Ta danna. Ya ce, "Gwaji, gwaji. Ana ji na?"

Wallahi na yi niyyar yin shiru. Bakina ne ya riga ni.

'Yata ta ce a sake. Na ce a'a, a bar shi haka, na gaji.

Washegari aka rufe ɗakin. Kwamfutar aka ba malamin lissafi, wani matashi ɗan Kolofata. Bayan kwana biyu ya aiko matarsa ta gaishe ni, ta ce mijinta ya ce a tambaya yaya gwiwa, don duk inda ya shiga tallan maganinta yana binsa. Daga baya na sa 'yata ta tambaye shi ko har yanzu kwamfutar tana nuna tallan. Ya ce yanzu tayar babur take nunawa.

Yara suna rubutunsu a gida mai makulli. An ba ni makullin ni ma, wasu baƙaƙe ne da 'yata ta haddace mini, wai ni ce uwar ajin. Ta karanta mini na yarinyar nan, ta fassara, na yi kuka. Kujerar salla kuwa 'yata ta kawo masu ita har ƙofar gida bayan na fita takaba, kala uku, na leƙa na daɗe ina kallo, daga ƙarshe Goggo ce ta nuna ɗaya don tana sauri za ta kama motar Gidar.

Muryar tana cikin waya yanzu, ana kunna mini bayan la'asar. Ba ta kai ta asalin fita ba, akwai shuuu a bayanta. Yana tambaya ko ana jin sa, sai wata tsohuwa kusa da wayar, murya duk ta dushe, ta ce tana ji. Sannan wata daga nesa, mai ƙarfi, wadda ba ta san komai ba tukuna, ta ce tuwo zai huce. Shi kuma ya yi dariya ya ce yana zuwa.

Ajiye biron haka. La'asar ta yi, miƙo mini wayar.